Gidan Dila Ko Garejin Unguwa: Wa Ke Ɗaukar Asara Idan Gyara Ya Ɓaci?

A shekarar 1975, lokacin da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci, ba a wani dogon tunani kan inda za a kai mota sabis. Ma'aikaci ya karɓi rancen mota, ya ɗauko 504 sabuwa dal a wurin dila irin su SCOA, bakaniken unguwa kuwa ya san cikinta da wajenta. Kafireto ne da fulogi huɗu da 'yan wayoyi, kayan gyaranta iri ɗaya daga Sakkwato har Maiduguri. Abin da dila ya sani, na gindin bishiya ma ya sani, sau da yawa ma a wurin dilan ya koyo kafin ya buɗe nasa.

Yau akasarin motocin da ke kan titunanmu kwatano ne, sun gama ƙuruciyarsu a Amurka ko Turai kafin su sauka a tashar Legas ko Kwatano ko Lome. Babu wani dila a ƙasar nan da ya sayar da su, babu wanda ya yi musu alkawari. Saboda haka in an tambaya ko dila ya fi ko bakanike mai zaman kansa, sai a fara duba wace mota ake magana a kai, don masu motar kashi biyu ne da ba su haɗa hanya ba.

Na farko shi ne wanda ya sayi sabuwa a hannun wakilin kamfani, irin su Elizade mai sayar da Toyota, ko Coscharis mai BMW da Ford, ko CFAO da ke da rassa a Najeriya da Nijar. Shi lamarinsa mai sauƙi ne. Motarsa tana da garanti, galibi na shekara uku ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, wasu kamfanonin kan kai shekara biyar. Sharaɗin da aka saba gindayawa shi ne a riƙa yin sabis kan lokaci a inda kamfani ya amince. Wanda ya kauce don ya rage kuɗin juyen mai, ranar da giyabos ya mutu shi kaɗai zai yi kuka. A wasu ƙasashe doka ta sassauta wannan ɗauri. Amurka tana da dokar Magnuson-Moss tun 1975, wadda ta hana kamfani soke garanti don kawai an yi gyara a wani wuri ko an sa kayan wani kamfani. Tarayyar Turai ta kafa makamanciyar ƙa'ida a 2002, ta sabunta ta a 2010, ta kuma wajabta wa masu ƙera motoci su buɗe wa gareji masu zaman kansu bayanan gyara. Mu a nan, abin da zai fisshe ka shi ne ka karanta takardar garantin kafin ka sa hannu, ka kuma adana rasit na kowane sabis.

Na biyu, wanda shi ne mafi yawanmu, shi ne mai kwatano, kuma a kansa maganar take da nauyi.

Bari a fara da abin da ake saya a gidan dila, domin mutane kan ɗauka kujerar jira da na'urar sanyaya ɗaki suke biya wa kuɗi. Abin da kake saya a zahiri shi ne rubutu da alhaki. Akwai littafin kamfani da ya faɗi wane mai za a zuba, lita nawa, da ƙarfin da za a ɗaure kowane noti. Akwai takardar aiki mai ɗauke da kwanan wata da nisan da motar ta yi. Idan aikin ya ɓaci, akwai ƙofar da za ka koma ka ƙwanƙwasa da takarda a hannu, in ta kama ma ka kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. A yawancin garejinmu na unguwa, in injin ya buga kwana uku bayan an taɓa shi, abin da za ka ji shi ne, “Alhaji, sai haƙuri, dama ya gaji.” Kai kuma ka yi haƙurin, don bakaniken abokin ɗan'uwanka ne, sahu ɗaya kuke tsayawa a masallaci.

Sai dai dila ma ba waliyyi ba ne. Tsarinsa na canji ne, ba na gyara ba: abin da ƙwararren mai waya zai buɗe ya sauya masa ƙaramin abu ɗaya, dila zai ce a sayo sabo dungurungum. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, har ana iya rubuto maka lissafin da ya kusa rabin kuɗin tsohuwar motar. Ga kuma nisa. Manyan wuraren sabis sun taru a Legas da Abuja da wasu 'yan birane, mutumin Gusau ko Damaturu sai ya ƙona man ɗaruruwan kilomita kafin ya je a juye masa mai. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, motar da aka ƙera don kasuwar Amurka kan bambanta da 'yar'uwarta da aka ƙera don Afirka ko da sunansu ɗaya, saboda haka ba lallai dila ya ajiye kayanta ba. Sai a ce maka za a yi oda, motar ta shafe makonni tana shan ƙura. A wannan lokacin bakanike ya leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ya buga waya kasuwar Ladipo ta Legas, washegari kaya sun iso.

Wannan sauri da sassauci, da gwanintar rayar da abin da wasu suka yanke wa ƙauna, su ne jarin bakanikenmu, kuma ba ƙaramin jari ba ne. Matsalar ita ce wasu al'adun da aka gada daga zamanin kafireto, ake ɗora su kan injin da kwamfuta ke sarrafawa.

Ɗauki batun baƙin mai. Har gobe akwai masu rantsuwa cewa zafin ƙasarmu sai mai kauri, 20W-50, ko da murfin injin an rubuta 5W-30 ko 0W-20 ɓaro-ɓaro. Injinan zamani, irin masu VVT-i na Toyota, da matsin mai suke sarrafa lokacin buɗewar bawul, ta wasu hanyoyi 'yan sirara. Mai mai kauri yakan yi jinkirin isa can da safe, lokacin da ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Ɓarnar ba ta bayyana a mako ɗaya, shi ya sa ba wanda ke ɗora laifin inda ya dace. Haka batun tamostat, ɗan bawul ɗin nan da ke tsare ruwa har injin ya kai zafin aikinsa, wajen digiri 90. Da mota ta sauka sai a cire shi, a ce na ƙasar ƙanƙara ne, a haɗa fanka kai tsaye. Sakamakon haka injin yakan daɗe bai ɗumama ba, kwamfutarsa ta yi ta ƙara masa fetur, mai motar ya yi ta mamakin shan mai a zamanin da aka cire tallafi. Sannan a cika lagireto da ruwan burtsatse maimakon ruwan sanyaya injin, ya bar tsatsa da gishiri a ciki. Mafi muni shi ne zuba man giya na gama-gari a giyabos irin na CVT, wanda ke da nasa mai na musamman. Wannan kuskure ɗaya ya isa ya cinye duk abin da mutum ya tara na rangwamen shekaru.

Ita ma “a sa mata kwamfuta” ta zama abin da ta zama. Tun 1996 duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka tana da soket ɗin OBD-II mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu fetur. Na'urar karanta shi yanzu ta yi araha, kowa ya saya. Amma lambar da take fitarwa alama ce kawai. P0171, alal misali, cewa take yi iska ta yi wa fetur yawa. Tana iya zama tiyo ne ya tsage, ko ƙurar hunturu ta rufe na'urar auna iska, ko famfon mai ya yi rauni. Gwani zai bi su ɗaya bayan ɗaya da gwaji. Ɗan koyo zai sa ka sayi ukun, ko ya goge lambar fitilar ta mutu, ya karɓi kuɗinsa, ta sake kamawa kafin ka kai gida.

Kayan gyara kuwa, ya kamata a san cewa kamfanonin mota ba su ke ƙera komai ba. Denso da Aisin da Bosch da NGK su ke yi musu da dama daga ciki, kuma ana samun kayan nan a kwalin masu su da sauƙin kuɗi fiye da a kwalin kamfanin motar. Haɗarin shi ne jabu, wanda kwalinsa kan fi na gaskiyar kyau. Wanda aka ba shi takalmin birki a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin da aka sani ya karɓa, to wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Akwai wani lamari guda da babu bakaniken da zai iya maka, komai gwanintarsa. Kamfanoni kan yi kiran motoci idan an gano aibi daga masana'anta. Mafi girma a tarihi shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, wanda ya shafi jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, ya kuma durƙusar da kamfanin a 2017. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa da zafi da laima, ranar da ta tashi sai ta watso gutsattsarin ƙarfe a fuskar direba, kuma ta kashe fiye da mutum 20 a Amurka. Cikin motocin da abin ya shafa akwai Honda Accord da Civic na farkon shekarun 2000 da Toyota Corolla, wato dai irin waɗanda suka cika mana tasha da kasuwa. Duk mai kwatanon Amurka zai iya shigar da lambar motarsa mai harufa 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, a shafin hukumar NHTSA ta Amurka ya ga ko akwai kiran da ba a amsa ba. In akwai, wakilin kamfanin ne wurin zuwa a yi tambaya.

A ganina, mai tsohuwar mota da ke kai ta dila don juyen mai da canjin birki yana ɓarnar kuɗi ne, wanda kuma ke miƙa makulli ga duk wanda ya gani da sifana yana caca. Abin nema shi ne bakaniken da ya tsaya kan ƙira ɗaya ko biyu, mai buɗe littafi ko waya ya duba kafin ya kwance, wanda ba ya jin kunyar cewa wannan ba aikina ba ne. Ka tambaye shi tun kafin ya taɓa: in abin ya dawo cikin wata guda, wa zai biya? Yadda ya amsa zai gaya maka da wa kake hulɗa. Ka sayi manka da kanka a wurin da ka yarda da shi, ka ce a ajiye maka tsohon abin da aka cire, ka tanadi ɗan littafi a aljihun mota kana rubuta kwanan wata da nisan tafiya. A lura kuma, agogon motar Amurka da mil yake ƙirga, mil 5,000 kilomita 8,000 ne, kuma ga mai yawo cikin ƙura da cunkoso bai kamata a jira iyakar da littafi ya ba masu tafiya kan lafiyayyen titi ba.

Nan gaba zaɓin zai ƙara tsauri. Motocin da ke haɗa fetur da lantarki, irin su Prius, suna ɗauke da batir mai ƙarfin da ya kai bolt 200 ko fiye, wayoyinsa masu ruwan lemo kuwa suna iya kashe wanda ya taɓa su da ka. Tun 2023 gwamnati ke ƙarfafa mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG, aikin da ke sa tukunya mai matsi mai tsanani a bayan kujerar iyali, wanda kuma kan iya taɓa garantin sabuwar mota in ba da yardar kamfani aka yi ba. Hukumar kula da harkar motoci ta NADDC da ƙungiyar bakanikai ta NATA suna da aikin horarwa da ba da shaida a gabansu, domin a halin yanzu duk wanda ya samu fili da akwatin sifana yana iya kafa allo gobe da safe ya rubuta cewa shi ƙwararre ne a kan duka biyun.