Ragon Turka

Gidaje da yawa a ƙasar Karaye da Rogo suna turke rago saboda Babbar Salla. Mata ma suna yi. Amma za ka ga mutum biyu sun sayi raguna rana ɗaya, kuɗi ɗaya, ɗaya ya ci riba, ɗaya ko uwar kuɗinsa bai mayar ba. Yawanci abinci ne ya raba su.

Ku lura da lissafin wata. Kowace shekara Salla takan matso da wajen kwana 11. A 2024 an yi ta ran 16 ga Yuni, a 2025 kuwa ran 6 ga Yuni. Watau shekarun nan da bazara ake turka, lokacin da daji ya ƙone, harawa ta yi tsada. Wanda zai sayi harawa ƙulli ƙulli a watan Afrilu, mai harawa yake yi wa kiwo.

Saboda haka turka daga kaka take farawa, tun ba a sayi ragon ba. In za a cire gyaɗa ko a roro wake, kada a bar harawar a gona har ganyen ya kakkaɓe. Ganyen nan shi ne abincin, karan ba shi da wani amfani mai yawa. A ɗaure ta tun tana da sauran kore, a shanya, sa'an nan a ɗora bisa rumfa ko a sa a ɗaki, inda rana da gara ba za su ci ta ba. A tara kowar wake da dusar dawa da ta masara. Ai mukan zubar da abin da za mu zo mu saya da tsada bayan wata biyar.

Wata uku ko huɗu kafin Salla ya isa a sayi rago. A nemi mai dogon jiki da faɗin ƙirji, ko da ramamme ne, in dai lafiyarsa ƙalau. A buɗe bakinsa a duba haƙora, gama sai wanda ya cika shekara ake layya da shi. Mai ido ɗaya, da gurgu, da mai ciwo, ba su layya. Balami da Uda sun fi Ƴankasa girma, amma sun fi ci. Kowa ya auna da harawarsa.

Kafin a fara ba shi dusa, a kai shi wurin malamin dabbobi. Akwai wata annoba ta tumaki da awaki mai sa zawo da majina, takan share garke. Tana da allurar rigakafi, ana yin ta a Vom, can Jihar Filato. Shirin KSADP na Jihar Kano, wanda aka fara a 2020 da kuɗin Bankin Musulunci, ya yi ta yi wa dabbobi allura kyauta. In an yi shelar masu allura sun zo, kada a ɓoye dabba.

Mutanen bakin madatsar ruwan Challawa, wadda aka gama a 1992, su ƙara kula da ciwon hanta. Tsutsar tana zama jikin ƙananan katantanwa a fadama, ta hau ciyawa, dabba ta ci. Rago mai wannan tsutsa ko buhun dusa ya cinye ba ya ƙiba. A ba shi magani tukuna. Sa'an nan kullum a ba shi ruwa mai tsabta da ƴar kanwa, a share turken.

Saura sayarwa. Mai rago ɗaya ba shi da baki a kasuwa, abin da dillali ya faɗa shi ke nan. To, in mutum goma na gari ɗaya suka haɗa raguna, sai su ɗauki mota ɗaya zuwa Kano, ko Wudil ran Juma'a, su raba kuɗin mota. Kafin su tashi, su buga waya su ji yadda kasuwa take. Su yi magana da dillali kan la'adarsa tun ba a taya ba.

Ku da kuka koyi rubutu, ku sami ɗan littafi. Ku rubuta kuɗin rago, da na dusa, da na magani, da na mota. Ran da aka taya, sai ku duba littafin kafin ku ce albarka ko ku sallama.