Nutso cikin zurfin teku: sau nawa za ka shiga ruwa kafin a bar ka ka wuce mita 40?

A watan Satumbar 2014, wani ɗan ƙasar Masar mai suna Ahmed Gabr ya nutsa cikin Bahar Maliya, kusa da garin Dahab, har zurfin mita 332. Saukarsa ba ta wuce minti 15 ba, amma fitowarsa ta ci kusan awa 14. Ɗalibai, me kuke jin ya sa?

Amsar tana cikin darasin kimiyya. Duk mita 10 da mutum ya gangara, ruwa yana ƙara masa matsi daidai da na iskar da ke danne mu a doron ƙasa. A mita 40 matsin ya ninka sau biyar. Wannan matsi yana tura iskar naitirojin ta narke cikin jini da tsoka. Idan mai nutso ya taso da sauri, sai ta yi kumfa a jikinsa, kamar lemon kwalbar da aka buɗe farat ɗaya. Kumfar tana jawo ciwon gaɓoɓi, shanyewar jiki, har ma da mutuwa. Shi ya sa yake tsayawa zango-zango a hanyar fitowa.

Ga wata matsalar kuma: daga wajen mita 30, naitirojin kan sa mutum maye, ya kasa yanke shawara mai kyau. Idan aka ƙara zurfi, oksijin ma yakan zama guba. Don haka masu zurfafawa suke cakuɗa iskarsu da hiliyam, su goyi tukwanen iska da yawa.

Saboda haka aka yi wa sana'ar matakai. A tsarin ƙungiyar PADI, mai takardar farko ba ya wuce mita 18, mataki na gaba mita 30, iyakar nutson shaƙatawa kuwa mita 40. Kafin a karɓi mutum kwas ɗin farko na nutson ƙwararru, sai ya kai shekara 18, ya kuma nuna littafin da ya rubuta nutso 30. Ƙungiyar TDI kuwa tana neman nutso 100 kafin kwas ɗinta na iska mai hiliyam.

Sai dai malamai ba adadi kaɗai suke dubawa ba. Nutso 100 a ruwa mai ɗumi, garai-garai, bai kai 50 da aka yi cikin sanyi, duhu da igiyar ruwa ba. Shin mutum zai iya tsayawa cak a zurfi ɗaya na mintuna? Idan iskarsa ta fara tsiyaya, zai rufe bututun hankali kwance? Mai shaƙatawa zai iya tasowa sama idan abu ya ɓaci. Wanda ke bin zango ko yana cikin kogo ba shi da wannan damar. A can ƙasa zai warware matsalarsa.

Ku tuna yaran nan 12 'yan ƙwallo da kocinsu da ruwa ya tare a kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a 2018. Waɗanda suka gano su 'yan Birtaniya ne biyu, Rick Stanton da John Volanthen, masu shekaru aru-aru cikin nutson kogo. A wannan aikin ceton ne Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Tailan, ya rasa ransa.

Wanda ke sha'awar wannan fanni ya fara da koyon iyo a hannun ƙwararre, ya kuma riƙe lissafi da kimiyya da kyau. Da rarrafe yaro kan tashi.