Lambu a Cikin Durowa: Kimiyyar Ƙawata Gidan 'Yar Tsana da Sha'anin Muhalli

A fadar Windsor ta ƙasar Ingila akwai wani gida wanda ba a taɓa kwana a cikinsa ba, ko da yake an sa masa famfo mai zubo da ruwa, da wutar lantarki, da na'urar hawa bene mai aiki. Gidan 'yar tsana ne, wanda shahararren mai zanen gine-ginen nan Edwin Lutyens ya tsara wa Sarauniya Mary, matar Sarki George na Biyar, aka yi aikinsa daga 1921 zuwa 1924. A ƙarƙashin gidan akwai wata durowa, in aka jawo ta sai ga lambu ya bayyana da itatuwansa da furanninsa, wanda Gertrude Jekyll, gwanar tsara lambuna ta zamaninta, ta shirya.

Mai karatu zai yi mamaki, domin a wurinmu 'yar tsana harkar ƙananan yara mata ce. A Turai kuwa manya ne suka fara abin. Tun a wajen 1558 wani basarake na Bavariya ta ƙasar Jamus, Albrecht na Biyar, ya sa aka ƙera masa irin wannan gida. A gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam akwai na wata attajira, Petronella Oortman, wanda ta yi ta ƙawatawa daga wajen 1686 zuwa 1710, an kuma lulluɓe jikinsa da ƙoƙon bayan kunkurun teku, dabbar da aka yi ta kashewa saboda ado har sai da aka hana cinikin ƙoƙonta tsakanin ƙasashe a cikin shekarun 1970. Ashe ke nan tun farko wannan ɗan ƙaramin gida yana da bashin da yake ɗora wa halittu. A yau dubban mutane a Turai da Amurka da Japan suna wannan aiki don sha'awa, tare da takwarorinsu masu shimfiɗa ƙananan hanyoyin jirgin ƙasa, kuma a 'yan shekarun nan wasu daga cikinsu sun soma tambayar da me ake yin ciyawar da duwatsun da itatuwan, kuma ina suke ƙarewa in an gaji da su.

Lissafin ƙanƙantarwa

Kafin a fahimci kayan aikin sai an fahimci awon. Yawancin gidajen nan, har da na Windsor, ana yin su ne a kan awon ɗaya bisa sha biyu, watau inci ɗaya yana tsayawa a madadin ƙafa ɗaya. Ƙofa mai tsawon mita 2 takan koma kimanin santimita 17, itace mai mita 6 ya koma santimita 50, ganye mai santimita 6 ya koma milimita 5. Faɗin fili yakan ragu sau 144, cikin abu kuwa sau 1,728, domin an rage tsawo da faɗi da kauri gaba ɗaya.

Wahalar tana wajen abubuwan da ba su yarda da wannan lissafi ba. In aka zuba yashin kogi a matsayin yashi, ƙwayar da take milimita ɗaya za ta fito wa ido kamar tsakuwa mai milimita 12. Don haka mai son yashi sai ya nemi ƙura, mai son tsakuwa kuma ya nemi yashi. Da ma rariya ita ce babbar na'urar wannan sana'a. Neman kaya masu laushi, marasa nauyi, masu sauƙin yanka, shi ne ya kai masu aikin ga roba bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Kumfar roba

Kusan duk tudu ko dutse da aka gani a irin waɗannan lambuna, in aka kankare fentinsa, farin abin nan mara nauyi za a tarar, wanda ake tallafe rediyo da talabijin da shi a cikin kwali. Sunansa a wurin masana folistirin, daga man fetur ake samo shi, kuma wani masani na kamfanin BASF a Jamus, Fritz Stastny, shi ne ya gano yadda za a kumbura shi ya zama kumfa a wajen 1950. Kimanin kashi 98 cikin 100 na jikinsa iska ce. Wannan ne ya sa ya yi daɗin aiki, wannan ne kuma ya sa ba a cika sake sarrafa shi ba, domin mota guda cike da shi ba ta ɗauko abin da zai biya kuɗin manta ba. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ganye da katako ba su iya cinsa sai da ƙyar. Rana da iska sukan farfasa shi ne kawai ya koma ɓurɓushi. In kuma aka yanka shi da waya mai zafi, kamar yadda masu aikin suka saba, yakan fitar da tururin sinadarin sitirin, wanda hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa a 2018 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa ciwon. Ba mu buƙatar zuwa Turai don ganin halinsa: toshe magudanan ruwa da mazubin abinci na wannan kumfa ya yi, yana cikin abin da ya sa gwamnatin Jihar Legas ta hana amfani da shi a watan Janairu na 2024.

Ciyawar ita ma haka take. Zaren nailan ne ake yankawa gutsi-gutsi, milimita 2 zuwa 6, a barbaɗa shi a kan gam. Ganyen itatuwa kuwa soson katifa ne da aka niƙa aka rina. Duk gutsuren roba da bai kai milimita 5 ba masana suna lissafa shi cikin ɓurɓushin robar da Richard Thompson na Jami'ar Plymouth ya jawo hankalin duniya gare shi a 2004. Watau dai ɓurɓushin da sauran kayan roba sukan ɗauki shekaru kafin su zama, shi wannan a haka ake sayar da shi cikin leda, kuma abin da bai manne ba tsintsiya ce ko ruwan wanke buroshi ke tafiya da shi. Gaskiya ne abin da mai sha'awa guda zai zubar bai taka kara ya karya ba in aka gwada da sharar gari. Amma yana cikin ɗaki ne, inda yara ke rarrafe.

Itacen da ya girme mai wasa da shi

A nan ne mutum zai ce, to, a koma ga tsirrai mana. Wannan shawara tana da kyau, sai dai akwai tarko a cikinta, kuma a ganina nan ne ainihin darasin kimiyyar yake.

Shekaru da dama abin da aka fi yin ƙananan itatuwa da shinge da shi wata halitta ce da ake kira laikin, musamman nau'in da masana suka sa wa suna Cladonia stellaris. Farin dunƙule ne mai rassa sirara, wanda in an dube shi sai a rantse kan itace ne da aka hango daga nesa. Ba tsiro guda ba ne. A 1867 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Simon Schwendener, ya bayyana cewa halittu biyu ne suke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: funfuna wadda ke ba da jiki da riƙon laima, da gansakuka wadda ke haɗa abinci daga hasken rana. Abokan aikinsa sun daɗe suna musun maganar kafin ta tabbata. Wannan laikin yana shimfiɗe ne a ƙasan dazuzzukan Finlan da Suwidin da Norwe. A wurare irin su tsibirin Hailuoto na Finlan ana tsintarsa da hannu a kai shi Jamus da maƙwabtanta, inda ake ƙawata kaburbura da shi, wani kuma a jiƙa shi da gilisarin don kada ya ƙeƙashe, a rina shi kore a sayar wa masu ƙananan lambuna.

Girmansa a shekara milimita 3 zuwa 5 ne kacal. Ɗan dunƙule mai tsawon santimita 6, wanda za a manna a bakin ƙofar 'yar tsana cikin minti guda, ya yi aƙalla shekara 12 zuwa 20 yana tasowa, kuma filin da aka kwashe ƙaf yakan yi shekaru gommai kafin ya farfaɗo. Shi ne kuma abincin hunturu na barewar ƙanƙara da ake kira rendiya, wadda al'ummar Sami ke kiwo. Da kofato take tone ƙanƙara ta kai gare shi. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa dazuzzukan Suwidin masu yalwar laikin sun ragu da kimanin kashi 70 cikin 100 a shekara 60. Adalci ya sa a faɗa cewa babban dalilin wannan raguwa shi ne yadda ake saran katako da dashensa, ba masu 'yar tsana ba, kuma a Finlan, inda kowa ke da damar shiga daji ya tsinci 'ya'yan itatuwa, doka ba ta yarda a ɗebi laikin ba sai da izinin mai fili. Duk da haka misalin ya isa ya nuna cewa tambayar ko abu daga daji ya fito ba ta wadatar ba. Sai an ƙara da wata: shekara nawa zai yi kafin ya mayar da kansa?

In aka auna da wannan ma'auni sai a ga ɓawon itacen kok, wanda ake yin toshiyar kwalba da shi, ya haye. Ba a sare itacen. Ana fara ɓare shi yana da kimanin shekara 25, daga nan sai duk bayan shekara 9, kuma yakan rayu har shekara 200. Ƙasar Fotugal ke samar da kusan rabin na duniya. Gutsuren ɓawon yana da tsagogi kamar na dutse, tsohuwar toshiya kuwa in an gurza ta takan ba da tsakuwa. (A jikin wannan ɓawo ne Robert Hooke ya fara ganin ɗakunan ƙwayoyin halitta da madubinsa a 1665, iskar da ke cikin ɗakunan ita ce ta sa ba shi da nauyi, kamar dai kumfar roba.)

Arzikin da ke cikin shara

Abin da ya fi kowanne sauƙi ga muhalli shi ne wanda da ma zubar da shi za a yi. Ana gina tudu da tsohon kwali, a rufe shi da takardar jarida da aka jiƙa da kunun fulawa. Sirrin kunun shi ne sitaci, wanda in zafi ya kai digiri 60 zuwa 70 ƙwayoyinsa sukan sha ruwa su kumbura su yi danƙo, in sun bushe kuma su riƙe zaren takardar gam. Kwalin ƙwai, saboda kaushinsa, in an yayyanka shi yakan zama tubali ko dutsen daɓe. Dusar katako da aka tankaɗe aka rina ita ce ciyawar da magabatan wannan sana'a suka yi amfani da ita kafin zuwan nailan. Busasshen ganyen shayi da aka riga aka sha yakan zama ƙasar lambu, igiyar da aka warware ta zama doguwar ciyawa, soson wanka irin na yaɗo kuma ya zama shinge.

Itace kuwa, saiwar ƙaramin tsiro ake tonowa a busar, a juya ta sama. Dalilin da ya sa ido ke yarda shi ne tsarin rassa yana maimaita kansa: ƙaramin reshe kamannin babba gare shi, babban kuma kamannin itacen duka. Benoit Mandelbrot ne ya raɗa wa irin wannan siffa suna a fannin lissafi a 1975. Yaron da ya taɓa feƙe karan dawa ya ƙera mota ko ɗaki da totuwa ya riga ya san rabin wannan aiki, haka ma ɗaliban zanen gine-gine na jami'o'inmu za su iya gwada shi a samfuran da suke haɗawa da kumfar roba.

Launin kore yana da tarihi mara daɗi. Koren da Carl Wilhelm Scheele ya haɗa a 1775, da wanda ya biyo bayansa a 1814, duka suna ɗauke da gubar asanik, an kuwa shafa su a takardar bango da furannin ado da kayan wasan yara a ƙarni na 19. Mai gyaran tsohon gidan 'yar tsana ya kiyaye da wannan, ya kiyaye da fenti mai dalma, wanda sai a 1978 Amurka ta hana sa shi a kayan wasa. Jar ƙasa da rawayar ƙasa ba su da wannan illa, kuma ba su koɗewa, domin tsatsar ƙarfe ce launinsu. Rinin tsirrai ya fi rauni. Rawayar gangamau takan gudu in ta sha rana, ta bar shuni shi kaɗai, sai a wayi gari ciyawa ta koma shuɗiya. Abin da ke riƙe garin launi a fentin ruwa kuwa ƙaro ne, na itacen dakwara da danginsa, wanda Sudan ke kan gaba wajen fitar da shi, sai Chadi da Nijeriya. Ba mamaki koren wani lambun 'yar tsana a Jamus da ƙaron Yobe ko na Kordofan yake manne.

Ruwa shi ne ya fi gagara. Ɗigonsa ba ya ƙanƙancewa don an rage gida, saboda ƙarfin da ke ɗaure fuskar ruwa bai san awo ba. Ɗigo mai milimita 4 zai fito kamar ƙwallo mai santimita 5. Masu aikin sukan zuba wani danƙon roba mai daskarewa, wanda ba ya ruɓewa kuma yakan sa wasu ƙaiƙayin fata. Tsohuwar dabara ita ce a fente gindin tafkin, duhu a tsakiya haske a gefe don ya nuna zurfi, sa'an nan a ɗora gutsuren gilashin taga a kai, a rufe bakinsa da yashi.

Sai dai kayan da ke ruɓewa a juji suna iya ruɓewa a ɗaki. Kunun fulawa abincin kyankyaso ne da gara, laima kuma takan kawo funfuna. Don haka a bar kowane shafi na takarda ya bushe sarai kafin a ɗora wani, a busar da saiwa da dusar katako ƙwarai kafin a manna su. Gidajen tarihi suna da hanyar kashe ƙwan ƙwari ba tare da magani ba: sukan ƙulle abin a leda, su sa shi a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda ko biyu, sa'an nan su bar shi ya huce a cikin ledar kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kansa.