Cutar sida: abin da ɗigon jini guda ke faɗi

Kowace shekara, da an ƙare girbi an kai hatsi rumbu, sai tashoshin mota na Madawa da Buza da Keita su cika da samari da magidanta masu tafiya bida. Wasu su nufi Abijan, wasu Legas ko Kano, wasu Aljeriya da Libiya. Kafin ruwan shuka su komo da tufafi da guzurin damana. Amma akwai wata tsaraba da ba ta shiga jaka, wadda mai ɗauke da ita kansa bai san da ita ba. Ita ce ƙwayar cutar sida, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijar cikin shekarar 1987. Ba ta zaɓen ɗan bida kaɗai: ɗan kasuwa mai bin motar albasa da ma'aikacin da aka kai aiki nesa da iyalinsa, duka tana iya samunsu.

A shekarar 1983 ne masu bincike na cibiyar Pasteur ta birnin Paris, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka gano ƙwayar, wadda likitoci ke kira VIH. In ta shiga jini, sai ta nemi wasu ƙwayoyin halitta da ake kira CD4, waɗanda su ne jagororin sojojin da ke tsaron jiki. Ta kutsa cikinsu, ta maida su maƙerar da ke ƙera mata ƴaƴa, har su mutu. Mai lafiya yana da tsakanin 500 da 1500 cikin kowane milimita kubik na jini. Mutum kan yi shekara takwas ko goma yana noma, yana ciniki, alhali sojojinsa na raguwa. In suka kasa 200, sai tarin fuka da zawo da rama su samu ƙofa. Don haka ido ba ya gane mai ita. Sai awo.

Awon jini na farko ya fito a 1985, kuma sai babban ɗakin bincike ke iya yin shi. Yanzu kuwa ana soka yatsa, a ɗiga jini bisa ɗan ƙyalle, cikin minti ashirin a ga sakamako. Irinsa ne ake yi wa mata masu zuwa awon ciki. Sai dai a lura: wannan awo ba ƙwayar yake gani ba, makaman da jiki ya ƙera don yaƙarta yake gani, kuma ƙera su kan ɗauki har wata uku. Ke nan wanda ya sauka daga mota jiya, aka ce masa ba komi, ya kamata ya koma bayan wata uku kafin hankalinsa ya kwanta.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu mutanen Afirka ta Yamma. A 1986 an gano iri na biyu na ƙwayar, VIH-2, a jinin marasa lafiya daga Gine Bisau da tsibiran Kap Ber. Shi ya fi tafiyar hawainiya, amma wasu magunguna kamar nevirapine ba su cin shi. Shi ya sa likita ke ƙara awo na biyu, don ya san da wane iri yake faɗa.

Inda aikin ya fi wuya shi ne wajen jariri. Uwa tana ba ɗanta makaman jikinta tun yana ciki, kuma sukan zauna cikin jininsa har wata 18. Awon yatsa ba ya rarrabe na uwa da na ɗa. Jira kuwa haɗari ne, don rabin jariran da suka kamu, in ba a ba su magani ba, ba su kai shekara biyu. Nan ne awon da ake kira PCR ke da amfani, domin shi ƙwayar kanta yake nema, kuma ana yin shi tun jariri yana da sati shida. Ana ɗiga jinin diddigensa bisa wata takarda, a bari ya bushe, a aika babban ɗakin bincike. Takardar ba ta bukatar firji, amma tana bukatar mota. Wanda ya san hanyoyin duwatsun Keita da kwarin Magiya da damana ya san amsa na iya daɗewa, uwa ta koma ƙauye ba ta ji komi ba.

Maganin wannan jira ya samu. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010 don gano tarin fuka, tana iya awon jariri cikin kamar awa ɗaya da rabi, tana kuma ƙirga yawan ƙwayar cikin jinin mai shan magani. Abin da take so shi ne lantarki mai tsayawa, ɗaki mai sanyi da kayan aikin da ba su yankewa. Ya kamata masu riƙe da kasafin lafiya su duba wannan, don kowace gunduma ta samu amsarta kusa.

Me ya sa za a nemi sani? Domin sani yanzu yana da magani a bayansa. Tun 2004 ake ba da magungunan rage kaifin cutar kyauta a Nijar. Wani babban bincike na 2011 ya nuna fara shan su da wuri yana rage yaɗa ƙwayar ga abokin zama da kashi 96 cikin ɗari. Mace mai ciki in ba ta sha ba, haɗarin ɗanta ya kamu yana tsakanin kashi 15 da 45 cikin ɗari. In ta sha, ya sauka ƙasa da 5. Binciken ƙasa ya samu kashi 0,7 cikin ɗari na baligai masu ɗauke da ƙwayar a 2006, sannan 0,4 a 2012.

Abin da ya rage shi ne kunya. Mata ana auna su wajen awon ciki, maza kuwa da yawa ba su taka ƙofar likita sai ciwo ya kayar da su, sai laifi ya faɗa kan wadda aka fara aunawa. Maigida, in damana ta maido ka gida, ka riga matarka zuwa, ko ku tafi tare. In kunne ya ji, jiki ya tsira.