Faifai Ya Ƙaru, Wuri Bai Ƙaru Ba

A kasuwar Computer Village da ke Ikeja, akan yi cacar baki a kan faifan kwamfuta. Mutum ya sayi mai cin terabayit 1, an kwafe masa tsohonsa mai gigabayit 250 ɗungurungum a kai. Ya koma Agege ya kunna, sai ya tarar wurin ajiya bai ƙaru ba. Nan da nan sai ya ce an cuce shi.

Alhali kuwa galibi ba cuta ba ce. Kwafin yakan ɗauko tsohon faifai har da iyakarsa, watau kamar wanda ya sayi babban fili, amma ya kewaye gefe guda da katanga. Sauran filin yana nan.

Ga maganin abin. A Windows a buɗe Disk Management, za a ga filin da ya rage da baƙin layi a samansa. A danna maɓallin dama a kan C, a zaɓi Extend Volume. In ya ƙi, sau da yawa ɗan yankin gyaran Windows ne ya shiga tsakani, manhajar GParted tana iya matsar da shi. Faifan da ya wuce terabayit 2 kuwa, sai an juya tsarinsa daga MBR zuwa GPT.

Amma kafin a taɓa komai, a keɓe kwafin takardu da hotuna, kada kuma a goge tsohon faifai. In terabayit 1 ya nuna gigabayit 931, bambancin lissafi ne, ba sata ba.