JEMAGE: MA'AIKACIN DARE A GONAKIN BOƊINGA DA SHAGARI

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya bi hanyar Jega zai ratsa ƙasar Boɗinga da ta Shagari, inda kuka da dogon yaro da mangwaro ke tsaye jefi-jefi a gonakin gero da bakin fadamu. Manoman wannan yanki sun san amfanin kowace bishiya daga ganyenta har saiwarta, amma kaɗan ne suka san cewa 'ya'yan waɗansu daga cikinsu sun dogara ne ga jemage, dabbar da yara ke harbi da danƙo, masu lambu kuwa suke ɗaukarta ɓarauniya.

Kuka ita ce babban misali. Furenta fari ne, yana reto ƙasa a kan dogon sanda, ba ya buɗewa sai bayan faɗuwar rana, kuma kafin wata magariba ta zagayo ya yi yaushi. Watau dare ɗaya tak yake da shi. A cikin wannan dare jemage ke bin warinsa ya zo lasar ruwan zaƙin da ke ciki, garin furen ya manne masa a gashi, ya kai shi kan wata kukar. Ta haka ake samun 'ya'ya. Gaskiya ne miyar kuka daga ganye take, amma kwalba da nono daga 'ya'ya take, kuma ƙwallon da zai zama kukar jikoki a cikin 'ya'yan yake.

Haka labarin ɗorawa da rimi yake. Tun shekarar 1957 waɗansu masana biyu, Baker da Harris, suka bayyana yadda suka ga jemagu suna ziyartar tutun ɗorawa da dare a ƙasar Gana. Ƙudan zuma ma yana taimakawa, amma tutun da dare yake zubo ruwan zaƙinsa, lokacin da zuma ke barci. Kalwar da mata ke dafawa su yi daddawa daga nan take farawa.

Babban jemage mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ke yini a rataye bisa manyan bishiyoyi, matafiyi ne da ke bin damina zuwa arewa, ya koma kudu idan ta ɗauke. A birnin Akara an ɗaura wa irinsa na'urar bin sawu, aka gano yana iya ɗaukar irin bishiya a cikinsa ya yar da shi a wuri mai nisan kilomita 75. Ga jihar da ke cikin shirin nan na dasa katangar bishiyoyi don tare hamada, wannan ma'aikaci ne da ba ya karɓar albashi, ba ya neman mota ko kuɗin kwana.

Ƙananan jemagu na cikin soro da kogon bishiya kuwa ƙwari suke ci, har da sauro da malam-buɗe-littafin dare wanda tsutsarsa ke ɓarna a gona. A 2011 masana a Amurka sun ƙiyasta cewa wannan aiki yana rage wa manoman ƙasarsu asarar da ba ta kasa dala miliyan 3,700 a shekara ba.

Kukan masu lambu ba ƙarya ba ne, domin jemage yana shan mangwaro da gwaiba. Sai dai nunanne yake bi, wanda ya kamata a ce an riga an tsinke shi an kai kasuwa. Maganin wannan shi ne tsinka da wuri. Batun cuta ma gaskiya ne: a 1956 aka fara gano wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta haukan kare a jikin jemage a Ikko. Amma hatsarin yana kan mai kama shi da hannu ko mai feɗe shi, saboda haka wanda ya ƙyale shi a kan reshensa ya fi mai farautarsa tsira. Wanda jemage ya ciza lalle ne ya wanke wurin da sabulu, ya tafi asibiti nan take.

Abin da ya fi danƙo yi wa jemage illa shi ne gatari. Duk tsohuwar bishiyar da aka sare don itace ko gawayi, an rushe masauki ne da rumbun abinci gaba ɗaya, ga shi kuwa macen ɗa guda take haifa a shekara, don haka garken da ya ragu ba ya saurin cikowa. Ƙungiyar kare halittu ta duniya ta riga ta sa babban jemagen a jerin dabbobin da ke dab da shiga hatsari.

Ya kamata malaman daji na ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, tare da hakimai da masu unguwanni, su san bishiyoyin da jemagu ke sauka a kansu, su hana sare su. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuwa suna da aikin bincike a ƙofar gida: su ƙidaya jemagun da ke tashi daga waɗannan bishiyoyi da magariba, wata bayan wata, su rubuta lokacin zuwansu da na tafiyarsu.