Akwati mai kwaɗo uku: rancen da ya dace da ƙasar Gobir

Duk mai niyyar ba talakan Sabon Birni ko Isa rance, sai ya fara tambayar wa zai ci amfanin gonar. A ƙauyuka da dama manomi kan biya 'yan bindiga haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin girbi. Sarkin Gobir na Gatawa ma, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannunsu ya rasu a 2024, balle mai gonar gero ɗaya.

Shi ya sa rancen da ake tsarawa a Abuja ke yin tuntuɓe a nan. TraderMoni na 2018 ya raba naira 10,000 ga ƙananan 'yan kasuwa ta wayar salula, amma a 2021 layukan wayar aka katse a yankin saboda tsaro.

Abin koyin yana nan kusa, a tsallaken iyaka. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, tsarin da ya bazu har wajen Afirka. Adashe ne aka yi wa kwaskwarima. Mata kamar ashirin ko talatin kan haɗu mako-mako, kowacce ta zuba abin da ya sawwaƙa. Kuɗin na shiga akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai buƙata ta ranta ta sayi gyaɗar ƙuli-ƙuli ko jar akuya, ta mayar bayan 'yan watanni, a ƙarshen shekara a raba kuɗin akwatin. Babu fom, babu jingina. Kunyar maƙwabciya ita ce lamuni, kuma akwati kan yi gudun hijira tare da masu shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙarin da ake ɗorawa kan rancen, wanda malamai ke kallo a matsayin riba ta haram. Wannan yana da gyara: ƙungiya ta sayi akuyar da kanta, ta sayar wa mamba bashi a kan farashin da aka amince.

Kuɗin akwati bai kai na sayen injin ban-ruwa a fadamar Rima ba, wannan gaskiya ne. Amma gwamnatin Sakkwato da masu ba da agaji su fara da horar da irin waɗannan ƙungiyoyi, musamman a tsakanin matan da rikici ya raba da ƙauyukansu.